Barista, kafin ka karɓi fom daga hannun Alhaji

"Assalamu alaikum, Baba. Ni lauya ne, shekarata tara ina aiki. Ofishina yana cikin birnin Katsina, da ƙananan lauyoyi biyu da sakatare a ƙarƙashina, amma asalina ɗan wata ƙaramar hukuma ne a masarautar Daura. Tun bayan babbar salla dattawan garinmu da matasa suke sintiri a kaina, wai in fito takarar ɗan majalisar jiha. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya kwanta da abin, don na gaji da ganin talaka yana shan wuya a kotu saboda dokokin da ba ni da ikon gyarawa. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila da ya ce zai saya mini fom, ya ba ni motoci biyu, ya kuma ji da daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, har ya rantse ba ya neman komai sai ci gaban gari. Mahaifina ya ce bai amince ba, siyasa ba ta ɗan mutunci ba ce, kuma wanda ya nemi mulki da kansa ba a taimakonsa. Maiɗakina tana tsoron kada ɗan abin da muka tara ya salwanta. Ni kuma nufina in ci gaba da riƙe ofishina ko da na ci. Me kake gani?"

Barista, daga Katsina

Wa alaikumus salam, Barista. Allah ya ƙara wa Malam, mahaifinka, lafiya da nisan kwana.

A cikin duk abin da ka lissafa, wanda ka ɗauka sauƙi ne shi ya fi tayar mini da hankali. Ka sa maganar mahaifinka da ta maiɗakinka a cikin matsaloli, ka sa tayin Alhaji a cikin mafita. Ni a wurina tayin nan shi ne matsalar. Takara ba laifi ba ce, kuma ina ganin kana da abin da za ka kai majalisa. Amma in da kuɗin mutum ɗaya za ka shiga, gara ka zauna a ofishinka ka ci gaba da shari'arka.

Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da kujeru 34, daidai da yawan ƙananan hukumominmu. Tsarin mulkin 1999 bai nemi digiri daga ɗan takara ba. Sashe na 106 ya ce ɗan ƙasa, mai ilimin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar, kuma tun gyaran 2018 shekara 25 ta isa maimakon 30. Haka ya kamata, domin majalisa ta jama'a ce. Manomi da ɗan kasuwa da tsohon hedimasta duk suna da gurbi a cikinta, kuma sau da yawa sun fi mai digiri sanin abin da ke damun mutane. Sai dai abin da ake ajiye musu a kan teburi takarda ce. Ƙudirin doka yakan zo daga ɓangaren gwamna da shafuka barkatai cikin Turancin lauyoyi, a yi masa karatu na farko, a tafka muhawara a karatu na biyu, a miƙa wa kwamiti. A kwamitin nan ake bukatar wanda zai zauna da biro ya bi shi sashe bayan sashe. In babu wannan mutum, yadda aka kawo shi haka zai fita ya zama doka, da kurakuransa da ramukansa, kuma ku lauyoyi ku ne za ku yi shekaru kuna fama da shi a gaban alƙali.

Ɗauki abin da ya shafe mu kai tsaye. Ta'asar 'yan bindiga a Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da maƙwabtansu ta sa jiha ta kafa nata jami'an tsaron al'umma, waɗanda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023. Duk ranar da doka irin wannan ta zo gaban majalisa, ko don kafawa ko don gyara, kowa zai miƙe ya ce yana goyon baya, kuma da gaskiyarsa, an gaji da jana'iza. Lauya ne zai ɗaga hannu ya tambaya: in suka kama mutum, wa za su miƙa wa, kuma cikin awa nawa? Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda ake zargi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Shin an ɗaure su da wannan ƙa'ida a rubuce? In jami'i ya zalunci makiyayin da bai ji ba bai gani ba, ko ya ƙwace wa manomi babur, ina za a kai kuka, wa zai saurara? In kuma shi jami'in ne aka kashe a daji, me aka tanadar wa matarsa da marayunsa, daga wane asusu? Layi huɗu ko biyar ne a cikin doka, amma a kansu ake gane ko an kare mutane ko an buɗe wata sabuwar ƙofar zalunci. Wannan aikinka ne, kuma ba kowa zai iya shi ba.

Haka batun kuɗi. Ba a taɓa baitulmalin jiha sai da amincewar majalisa ta hanyar dokar kasafi. Babban mai binciken kuɗi na jiha ga majalisa yake miƙa rahotonsa, kwamitin asusun gwamnati ya duba. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincike da ikon kiran duk wanda take bukata ya zo ya yi bayani da takardunsa. Kwamishina ba ya zama kwamishina sai ta tantance shi. In gwamna ya ƙi sa hannu a kan doka har kwana 30, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya zartar da ita ba tare da shi ba. Ko tsarin mulkin ƙasa ba a gyara shi sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.

Kada ka ce wannan iko a takarda kawai yake. Mu nan mun ga shi da idonmu lokacin da Katsina take cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ba mu tamu jihar a 1987. Majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, sannan ta tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Har yau mutane suna jayayya kan ko an yi masa adalci. Abin da ba a jayayya a kai shi ne majalisar jiha tana da ƙarfi in ta ga dama. Yau kuma kukan da ake yi a faɗin ƙasar nan shi ne majalisun jihohi sun koma 'yan amshi. Doka ba ta rage musu iko ba, hasali ma gyare-gyaren 2018 da 2023 sun ƙara musu cin gashin kai ta fuskar kuɗi. Abin da ya ɗaure bakin da yawa daga cikin masu zama a kujerun shi ne yadda suka shigo. Wanda aka ɗauko aka biya masa komai ba ya iya buɗe baki.

To, ka dawo kan Alhaji. Ba na cewa mugu ne, ban san shi ba, kuma mai yiwuwa a ransa ya yarda da rantsuwar da ya yi maka. Amma ka ce ɗan kwangila ne. Wa ke ba da kwangila? Gwamnati. Wa doka ta ɗora wa sa ido a kan yadda aka yi aikin? Majalisar da kake son shiga. Ka ƙaddara shekara biyu da rantsar da kai, kwamitinku ya fita duba ayyuka, kuka tsaya a kan wani kwalbati da ruwan farko ya tafi da shi, ko ajujuwa uku da rufinsu ya yaye kafin yara su shiga. Injiniyan ma'aikata ya buɗe fayil, ka leƙa, ka ga sunan kamfanin Alhaji. Da daddare wayarka za ta yi ƙara. Ba zai roƙe ka komai ba. Gaisuwa zai yi, ya tambayi jikin Malam, ya tambayi ko motar nan tana ba ka matsala. Kai da kanka za ka zare sakin layin daga rahoto, kuma za ka samo wa kanka hujja, don ku lauyoyi ba a rasa ku da hujja. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kai ka fi ni sanin Jadawali na Biyar na tsarin mulki, inda aka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma ka san 'yan majalisa suna cikin waɗanda ya hau kansu. Sakin layi na farko ya hana mai riƙe da muƙami sa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa. Na shida ya ce duk kyautar da ya karɓa daga mai kwangila da gwamnati za a ɗauka ta saɓa ƙa'ida har sai ya kawo hujjar akasin haka. Za ka ce ai yanzu ba ka riƙe da muƙami. Gaskiya ne. Amma motocin ba za su ɓace ranar rantsuwa ba, kuma hannun da ya saba ba ka ba zai daina ranar nan ba. Buhunan azumi za su zo, ragon salla zai zo, kujerar Makka za ta zo wa Hajiya. A wane lokaci za ka ce ya isa, kuma da wace fuska?

Sannan maganar "zai ji da daliget". Barista, ni da kai mun san ma'anarta. A zaɓukan da suka wuce akan tara mutane a wani masauki daren zaɓen fidda gwani, a karɓe wayoyinsu, a bi su ɗaki ɗaki da ambulan, wani lokaci har da rantsuwa da Alƙur'ani. Sayen ƙuri'a ne. Mutumin da ya ce ya gaji da ganin ana murɗe wa talaka doka bai kamata matakinsa na farko a siyasa ya zama wannan ba, ko da ba da hannunsa aka miƙa ambulan ɗin ba.

Fom ɗin ma da ake yi maka gwaninta da shi, shi ne mafi araha a cikin tafiyar. A 2022 APC ta sayar da na majalisar jiha a kan naira miliyan 2, PDP kuma naira 600,000. Ko an ƙara, ba abin da lauya mai shekara tara da mutanen garinsa za su kasa haɗawa ba ne. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Ana yi wa dokar zaɓe kwaskwarima, saboda haka ka zauna da wadda ke aiki a lokacin takararka ka karance ta tsaf. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne man mota, fasta, abincin taro, ejan-ejan na rumfunan zaɓe, da kotu bayan an gama. Ga shawarata. Ka koma wurin dattawan da matasan da ke sintiri ka ce musu ka ji kira, amma takarar tasu ce, su nuna. A buɗe asusu, a ɗora amintattu biyu da ba danginka ba, a rubuta duk abin da ya shigo da sunan wanda ya kawo. Mai dubu biyar ya kawo, mai buhun gero ya kawo, mai shayi ya ce shi zai shayar da 'yan taro, abokan karatunka na jami'a da na Makarantar Lauyoyi su sa hannu. Ka sa iyakar da babu mutum ɗaya da zai wuce ta. Bashin da ka ci na mutum ɗari uku, aiki ne biyansa. Na mutum ɗaya kuwa, shiru ne biyansa.

Wannan zai kuma nuna maka gaskiyar kiran da ake yi maka. A cikin masu zuwa akwai masu ƙaunarka tsakani da Allah, akwai kuma waɗanda sana'arsu ke nan: duk kakar zaɓe sai sun nemo wani ɗan gari mai ɗan rufin asiri su ce masa "jama'a na kiranka", su sha romonsa wata shida, su koma wurin na gaba. Ka zagaya gundumomin nan ɗaya bayan ɗaya, ka zauna da mutane a majalisarsu ta bakin titi da ƙofar masallaci, ka saurara, ka tashi ba ka raba kuɗin mota ba. Waɗanda suka sake nemanka bayan haka, da su za ka yi lissafi.

Ka kuma san ta wace hanya jam'iyyarka za ta fitar da ɗan takara, don in maslaha za a yi, to ba a garinku za a yanke maganar ba. Dokar 2022 ta ce maslaha ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun amince a rubuce, saboda haka kada ka sa hannu a takardar janyewa cikin dare don an ce manya sun ce. Sauran ka sani: kwana 14 na shigar da ƙarar da ta shafi kafin zaɓe, kwana 21 na kai ƙorafi bayan an bayyana sakamako, kwana 180 a kotun zaɓe, kwana 60 a Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a nan shari'ar kujerar majalisar jiha take ƙarewa. Abin da zan ƙara kawai shi ne ka horar da ejan ɗinka su karɓo kwafin sakamakon kowace rumfa mai sa hannu, kuma in ta kai ga kotu ka ba wani lauyan ya tsaya maka, kada ka tsaya wa kanka.

Batun riƙe ofis kuwa, cire shi daga ranka. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata ta hana mai muƙami na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, noma kaɗai aka keɓe. Wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta samu da laifi yana iya rasa kujera, a hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, a kuma ƙwace dukiyar da ya samu ta wannan hanya. Ɗan majalisa ba shi da rigar kariya irin ta sashe na 308. Ta shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu ce. Kafin ma ka zauna a kujera sai ka bayyana kadarorinka da basukanka, kuma ba ka da damar riƙe asusun banki a ƙasar waje. Ko da doka ba ta hana ba, ka duba ta fuskar adalci. Majalisar da kake ciki ita ke duba kasafin ɓangaren shari'a, ita ke tabbatar da naɗin babban alƙalin jiha. In ka sa rigar lauya ka tsaya gaban majistare, shi da lauyan ɗaya ɓangaren ba za su gan ka a matsayin Barista kawai ba.

Abin da za ka yi shi ne ka miƙa ofishin yadda ya kamata, da yarjejeniya a rubuce tsakaninka da wanda zai riƙe. In yaran naka ba su ƙosa ba, ka nemo babban lauyan da ka amince da shi ya ɗauke su da fayilolin. Ka kira masu shari'a ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu, wanda yake son fayil ɗinsa ka ba shi, kuɗin amanar da ke hannunka ka sauke shi har kwabo. Kada ka jira sai ka ci. Kamfen yana cin shekara guda, kuma ba daidai ba ne mutum yana zaune a gidan yari yana jiran shari'a, ana ta ɗage zama saboda lauyansa yana wurin taron siyasa. Fayilolin waɗanda ke tsare su za ka fara miƙawa. Amma ka ci gaba da biyan kuɗin lasisinka duk shekara kafin ƙarshen Maris, ka riƙe zumuncinka da Ƙungiyar Lauyoyi, ka riƙa karanta sababbin hukunce-hukunce. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne, kuma da yawa ba sa komawa. Ɗan majalisar da ya san yana da sana'ar da zai koma wa ya fi iya faɗin gaskiya a kan wanda kujerar ce abincinsa. Wannan shi ne babban abin da ka fi wasu da shi, kada ka bari ya lalace.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma shi ne ke karya mafi yawan masu shiga da kyakkyawar niyya. Ranar da ka zama Onarabul, kafin ka dawo daga sallar asuba ƙofar gidanka ta cika. Ga tsoho da takardar magani a naɗe cikin hula, ga bazawara da yara uku an koro su daga makaranta, ga saurayi da takardar digiri a cikin leda yana neman aiki, ga mai ɗaurin aure jibi, ga wanda matarsa ta haihu ba ragon suna. Babu maƙaryaci a cikin mafi yawansu, talaucin gaske ne. Kai kuma da yake lauya ne, za a ƙara maka da wani layin: an kama ɗana, zo ka yi beli, an cinye mana gona, an hana ni gadon ubana. Albashi da alawus ba za su ɗauki wannan ba, kuma daga nan ne mutum yake fara neman kwangila ta bayan gida da sunan ƙaninsa, yana gaya wa kansa ai don jama'a ne. Tun a kamfen ka faɗa musu abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba, ko da zai rage maka tafi. Ka ware abin da za ka iya bayarwa duk wata, in ya ƙare ya ƙare. Masu matsalar shari'a ka haɗa su da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko da lauyoyi abokanka da za su ɗauki wasu kyauta, ka koya musu cewa beli a ofishin 'yan sanda ba na kuɗi ba ne. Amma kada ka mayar da kanka mai kiran DPO a waya yana cewa a saki wane. Yau wanda aka zalunta ne, gobe ɗan bangar da ya sari mutum ne, kuma za a tuna maka cewa ya yi maka wahala.

In Allah ya sa ka shiga, ka shiga da kai a ƙasa. Zauren majalisa ba kotu ba ne, ba a cin nasara da kayar da abokin magana. Sabon shiga ne kai, a cikin mutanen da wasu sun yi zango biyu ko uku. Ka haddace ƙa'idojin zaman majalisa, ka girmama Kakaki da akawu da ma'aikatan da suka daɗe, don su suka san inda kowace takarda take. Abokin aikinka da bai fahimci wani sashe ba, ka zauna da shi a ofis ka warware masa da Hausa, kada ka gyara masa magana a gaban 'yan jarida. Sashe na 97 ma ya ba majalisa damar gudanar da aikinta da harshen jiha bayan Turanci in ta amince, saboda haka Turanci ba abin taƙama ba ne a wurin. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba da uzuri ba yana iya rasa kujera. Kai ka zama cikin masu zuwa kullum. Ba kowane abu za ka yi faɗa a kai ba. Za ka bi jam'iyya a abubuwa da yawa, kuma ba munafunci ba ne. Amma ka zaɓi 'yan abubuwan da ba za ka sa hannu a kansu ba ko wa ya ce, irin bashin da ba a bayyana inda za a kai shi ba, ko rahoton binciken da aka wanke, ka faɗa wa shugabanninka tun da wuri cikin ladabi don kada ya zo musu ba zato. In ranka ya ɓaci da jam'iyya, ka tuna sashe na 109: sauya sheƙa ba tare da jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata ba yana iya cin kujera. Za a kuma riƙa zuga ka cewa wannan matakala ce, ai Ibrahim Shehu Shema lauya ne ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Gaskiya ne, amma wanda idonsa ke kan kujerar gaba ba ya son ɓata wa kowa rai a kan wadda yake kai, kuma aikin sa ido ba ya yiwuwa sai an ɓata wa wani rai.

Sai maganar Malam. Kada ka je masa da salon lauya. Abin da ya faɗa yana da tushe: hadisin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai kuma sun kawo Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar saboda ya san zai tsare amana kuma ya san aikin, suka ce in mutum ya cancanta kuma barin wurin zai sa ya faɗa hannun wanda zai ɓata, neman ba laifi ba ne. Malam ya san duka biyun, wataƙila ya fi ni da kai. Ina zaton ba hukuncin ne ke damunsa ba. Ya ga yadda siyasa take mayar da 'ya'yan mutane: a zagi uban mutum a rediyo da Facebook, a ɗauki ƙauraye a ba su ƙwaya da makami, 'yan'uwa su daina gaisawa. Tsoronsa kada ɗan da ya tarbiyyantar ya dawo wani mutum daban. Ka nemi amininsa ko limamin da yake jin maganarsa su raka ka, ka zauna a ƙasa, ka faɗa masa sharuɗɗan da ka ɗaura wa kanka: ba kuɗin ubangida, ba sayen daliget, ba ɗan daba ko ɗaya a tawagarka, ba zagin abokin hamayya. Ka roƙe shi ya yi istihara, kai ma ka yi. In ya sa albarka, bismillah. In ya tsaya a kan bakansa, ka haƙura da wannan zagayen. Kai matashi ne, wani zaɓen yana zuwa bayan shekara huɗu, kuma za ka iya cika su da aikin da zai sa shi da kansa ya ce ka fito. Ba na ba ka shawarar ka hau kujera mahaifinka yana fushi da kai.

Maiɗakinka kuwa ba ta bukatar lallashi, lissafi take bukata. Ku zauna ku biyu da takarda. Gidan da kuke ciki, kuɗin makarantar yara na shekara biyu, gona in akwai, da gwal ɗinta da duk abin da yake nata, waɗannan ba sa shiga takara ko da ana gobe zaɓe aka ce saura kaɗan a ci. Ka rubuta adadin da za ka iya rasawa gaba ɗaya ba tare da tukunyar gidanku ta daina tafasa ba, ka nuna mata, ka tsaya a kai. Bashin banki babu shi.

Alhaji kuma kada ka ƙi shi ta waya ko ta bakin ɗan aike. Ka je gidansa da kanka tare da dattijo ɗaya, ka yi masa godiya sosai, domin ya ga darajarka ne ya nufo ka. Ka ce masa jama'a sun buɗe asusu, kana roƙon ya sa nasa daidai iyakar da aka sa wa kowa, a rubuta sunansa kamar na kowa, motoci kuma Allah ya saka da alheri, za ka yi da taka. In ci gaban gari yake nema kamar yadda ya rantse, zai karɓi wannan, har ya ƙara ganin girmanka. In kuwa kafin mako ya zagayo ka ji motocin suna ƙofar gidan wani ɗan takarar, to ka shirya, don mai yiwuwa ya kayar da kai a zaɓen fidda gwani, kuma ya kamata dattawan garinku su san haka tun yanzu, su yanke ko har yanzu suna tare da kai. Ka gama wannan ziyarar, da ta Malam, kafin ka bari a buga fasta ko ɗaya da hotonka.